Ranar da Akwatin Karatu Ya Ƙi Komawa Baya

Cikin ranakun aikina duka, wadda ta ƙi barin raina ita ce wata Talata a farkon damina, ranar da na ce wa akwatin karatu ya koma baya, shi kuma ya yi gaba abinsa. Malam Dauda, manajanmu, ya ce kowane tsohon ma'aikaci ya rubuta abu ɗaya da ya gani a wurin nan domin ku sababbin zuwa. Ni da girmana na koyi rubutu, saboda haka ku yi haƙuri da ni, zan bi shi a hankali.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ɗan kamfani ne a cikin garin Bauchi. Muna haɗa wani akwati kamar ƙaramar rediyo, mai caji da rana, domin azuzuwan yaƙi da jahilci. A cikinsa akwai katin memori, a kan katin kuma akwai darussan da aka naɗa da murya. Madanni uku ne a jikinsa: na kunnawa, na gaba, da na komawa baya. Mace tana tsintar shinkafa, akwatin yana ce mata "ba, be, bi, bo, bu", tana duba littafinta. In wani ya wuce ta, sai ta danna na baya ta sake ji.

A sama akwai manaja. Daga shi sai babbar injiniya, sai ƙananan injiniyoyi masu rubuta manhaja, wato umarnin da ke gaya wa akwatin abin da zai yi. A ƙasa sai mu masu gwaji. Ni a da ɗinki nake yi a gida, ina goyon autana Sadiku na shiga ajin manya. Shi ya sa aka ɗauke ni gwaji, don na san inda yatsar mai koyo ke zuwa in kanta ya ɗaure. Doka ɗaya ce a kanmu mai ƙarfi: mai gwaji in ya ga matsala ba ya kai wa wanda ya rubuta manhajar. Babbar injiniya yake kai wa, ya nuna a gabanta. An yi haka ne don kada wani ya rufa wa abokinsa asiri, kaya su fita da aibi.

Babbar injiniyarmu a lokacin Madam Uche ce. A barikin Shadawanka aka haife ta, babanta soja ne, Hausa a bakinta kamar ruwa. Mace ce mai fara'a, mai son taɓa mutum in tana magana. Ban taɓa jin ta wulaƙanta kowa ba. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada wani ya ce ƙararta na kawo.

A shekarar ne 'yata ta fari ta gama karatun kwamfuta a jami'a, can Gubi, ta nemi aiki a wurinmu da kanta, aka ɗauke ta gwajin wata shida. Ba zan rubuta sunanta ba. Kun san shi, wasunku kuma sun san dalili. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zama kusa da shi a cikin mutane. Haka uwata ta yi da yayana har ta koma ga Allah, kuma babu wanda ya ce ba ta son sa. Da Madam ta fara kirana da sunan yarinyar, maman wance, sai na yi kamar ban ji ba, har wani ya ja ta gefe ya yi mata bayani. Daga ranar na zama Maman Sadiku.

Aikin da aka ba yarinyar shi ne madannin komawa baya na sabon akwati. Malam Dauda bai ɓoye mata ba. Ya ce za a kai akwatunan farko wani ajin mata a Zungur, masu ɗaukar nauyin ajin za su zo su gani. In ɓangarenta ya yi aiki, ta zauna. In bai yi ba, gurbin ɗaya ne, kuma akwai masu jira.

To, ɗaki ɗaya muke zama. Teburina yana bakin ƙofa, nasu yana can wajen taga. Cikin wata guda yarinyar ta fara ce wa Madam "Momi". Ni Inna ce tun tana rarrafe, ban ce ina son wani suna ba, amma yadda take jan "Momi" ɗin nan, da 'yar shagwaɓa a ƙarshensa, ban taɓa samun irinsa ba. Madam ta gyara mata mayafi. Madam ta dafa kafaɗarta suna duba allon kwamfuta kai da kai. Madam ta zo da shinkafa da miya mai yaji su ci a kwano ɗaya, ni kuma masar da na tashi da asuba na soya ta dawo gida a kula, ko buɗewa ba a yi ba. Da na tambaya, ba ita na tambaya ba, ƙanenta na ce wa, "Sadiku, yau masar ba ta yi wa mutanen ofis daɗi ba ne?" Tana daga ɗaki ta ce, "Inna, Momi ce ta matsa mini." Na ce, "Madalla."

Wallahi da Madam muguwa ce da na samu sauƙi. Da sai in ce ga abin da take yi wa 'yar mutane. Amma koyar da ita take yi tsakani da Allah, abin da ni ba ni da shi balle in ba ta. Ni na koya mata riƙe cokali da ɗaura ɗankwali. Abin da zai ciyar da ita kuwa, a hannun wata yake.

Ranar Talatar, da safe aka ajiye mini sabon akwati. Ni ba na gwaji irin na injiniyoyi, a danna a jira, a danna a jira. Nakan ɗora shi a cinya ina wani abu, in danna lokacin da hankalina ya dawo, kamar yadda mace za ta yi a tsakar gida. Muryar ta ce "bi", na danna na baya don in sake jin "be". Sai na ji "ca, ce, ci". Layi guda ya tsallake.

Na ce ko yatsata ce ta zame. Na mai da shi farko. Na danna, ya koma daidai. Na sake, daidai. Na bar shi ya ɗan yi tafiya, na danna, sai ga shi ya sake yin gaba.

Na san abin da wannan zai yi a aji. Mai koyo ba ta zargin na'ura. In ta danna ta ji abin da ba ta gane ba, cewa za ta yi kanta ne ba ya ja, ta naɗe littafin ta sa a ƙarƙashin katifa. Na ga mata da yawa sun bar aji a kan abin da bai kai wannan ba. Sannan na san na wa ne madannin.

Na ɗaga kai na hango ta, tana dariya da wani abu da Madam ta nuna mata. Raina ya ce mini: ki bari sai kun koma gida, ki ajiye akwatin a inda za ta gani, ki ce wa Sadiku abin nan yana tsalle. Sau ɗaya dai a ce ke kika fitar da ita, ba Momi ba. Na daɗe da akwatin a cinya ina jin daɗin wannan tunanin. Amma doka doka ce, kuma a kaina ta fi nauyi, tunda kowa ya san abin da ke tsakaninmu. Na jira yarinyar ta fita alwalar azahar, na tashi.

"Maman Sadiku, lafiya? Fuskarki ba daidai ba."

"Akwatin nan ne, Madam. Ina ce masa baya, yana yin gaba."

"Nuna mini."

Na danna, ya koma lafiya lau. Na sake, lafiya lau. Kamar yaron da ya kwana yana kuka, a kai shi asibiti ya hau wasa. Madam ba ta yi mini kallon mai ƙarya ba. Ta ce, "Yi yadda kike yi a wurinki. Manta da ni." Na zauna, na ɗora shi a cinya, na hau gyara bakin zanina. Can na danna. "Ca, ce, ci."

Ta ce, "Yawwa, ga shi." Yarinyar na shigowa, Madam ta ɗaga murya ta kira sunanta cikakke, yadda ni ban taɓa furta shi ba tun ranar da aka raɗa shi. Na koma teburina na bakin ƙofa. Daga nan ana jin komai.

Da yarinyar ta ji tsallen da kunnenta, muryarta ta yi rawa. "Momi, na gwada shi fa. Wallahi ya yi."

"Na sani, ina wurin. Zauna. Kuka ba ya gyara manhaja."

A nan sai na yi muku bayanin abin da na fahimta, ku masu gwaji, don ni ma a ranar na gane shi. Kowane darasi fayil ne a kan katin, doguwar murya a jere daga farko zuwa ƙarshe. Zuwa wurin katin yana cin batir kuma yana da nawa, saboda haka akwatin ba ya ɗebo sauti kaɗan-kaɗan. Yakan kamfato mai yawa lokaci guda ya zuba a wani ɗan ma'aji a cikinsa, suna ce masa bafa, daga nan yake ba lasifika. In ya ƙare ya sake kamfatowa. Wato kullum wuri biyu ne: inda kunnen mai saurare yake, da inda ɗiba ta kai a cikin fayil.

Madam ba ta gaya mata haka kai tsaye ba. Tambaya ta yi ta yi.

"Lokacin da Maman Sadiku ta danna, ina take?"

"Tana kan bi."

"Fayil ɗin fa, ina aka kai a cikinsa?"

A hankali yarinyar ta ce, "Ya riga ya wuce nan. An ɗebo har gaba."

"Ke da kika ce a ja baya, daga ina kika ce a fara?"

Na ji kujera ta motsa. "Innalillahi. Bandir ne, Momi! Kamar bandir ɗin yadi. Tela ya warware mai yawa a kan tebur, almakashi yana nan kusa da shi, bakin bandir kuma yana can ƙarshen tebur. In aka ce koma baya kamu ɗaya, daga almakashi ake aunawa. Ni kuma daga bandir na auna, sai na sauka gaban almakashin."

"To me ya sa wani lokaci yake yin daidai?"

"In an kusa cinye na kan tebur, almakashi ya matso kusa da bandir, bambancin kaɗan ne, kunne ba zai ji ba. In kuwa yanzu aka warware sabo, sai tsalle."

Madam ta tafa. Ita ba ta taɓa riƙe almakashin ɗinki ba, da bakinta ta faɗa, ta ce, "A ina kika samo wannan?" Yarinyar ta ce, "A gida." Shi ke nan abin da ta ce. A gida.

Teburin ɗinkina ne na gida. A ƙarƙashinsa ta yi rarrafe, tana tsintar ƙyallaye tana yi wa 'yartsana riga. Ni na riƙa buge mata hannu in ta kai wa almakashi. Duk shekarun nan ashe tana kallo, ta adana, kuma ranar da ta fito da shi, wata ta miƙa wa. Na kunna wani tsohon akwati na kara a kunne kamar ina aiki. Ba abin da nake ji.

Da Malam Dauda ya leƙo ya tambayi me ake ciki, na kasa kunne in ji yadda Madam za ta kai maganar. Ta ce, "Kuskure ne a madannin baya, kuma za a gyara. Lokacin da ta gwada, bafa ƙarami ne, ba ya nunawa. Ni na ƙara masa girma satin da ya wuce don batir ya daɗe. Kuskuren yana kwance, ni na tashe shi." Ya ce, "Zungur dai ba za a ɗaga ba." Ta ce, "Ba mu ce a ɗaga ba." Kun gani? Ko nan ba ta bar mini abin riƙewa ba.

Gyaran bai ɗauki dogon lokaci ba. Yarinyar ta sa akwatin ya fara cire abin da ya rage a bafa kafin ya auna, don awon ya tashi daga inda kunne yake. Sannan ya zubar da ragowar, kada tsohon sauti ya fito bayan an matsa. Washegari kuma ta zo da nata ƙarin. Ta ce in wurin da ake son komawa yana nan kan tebur, ba a naɗe shi ba, me ya sa za a taɓa bandir? A ja almakashi kawai, katin ya huta, batir ya huta. Madam ta tashi tsaye ta rungume ta a gaban kowa, ta ce, "'Yata ke nan!"

Aka dawo mini da akwatin. Ban taɓa wahalar da na'ura kamar yadda na wahalar da wannan ba. Na danna a farkon darasi, na danna a bakin ƙarshe, na danna a jere kamar mai jin haushi, na danna da jiƙaƙƙen hannu. Ban sani ba ko so nake ya tsaya, ko so nake a sake buƙatata. Ya tsaya. Na kai wa Madam, yarinyar tana tsaye a gefenta, na ce, "Ya yi."

Madam ta ce, "Haba Maman Sadiku, ya yi kawai? Ba za ki ce mata sannu ba?"

Na ce, "Ai kin faɗa, Madam."

Ranar Zungur da hantsi muka isa. A wani aji na makarantar firamare aka tara matan, wasu da goyo, wasu ƙafarsu da taɓon gona. Masu ɗaukar nauyi suna gaba a kan kujeru, Malam Dauda yana ta share gumi. Madam ta yi bayani, sannan ta jawo yarinyar gaba, hannunta a kafaɗarta, ta ce ga wadda ta yi madannin baya. Mata suka ce, "Madam, Allah ya raya miki ita." "Allah ya sa ki ci moriyarta." Madam ta waiwayo wajena za ta yi magana, na yi sauri na sunkuya ina kwance kwali. Sai ta ce amin. Me za ta ce? Ni na hana ta. Amma amin ɗin nan har cikin haƙarƙarina na ji shi.

Aikina a ranar shi ne in bi mata ɗaya-ɗaya in nuna musu madannai. Na zo kan wata tsohuwa a layin baya, ana ce mata Gwaggo Talatu, haƙoranta jawur da goro. Ta danna na baya, ya ce "be". Ta sake, "be". Ta yi ta dannawa tana ƙyalƙyala dariya.

"Kai, wannan abu akwai haƙuri! Malaminmu in na tambaye shi sau biyu sai ya hau duban agogo. Wa kika ce ya yi wannan?"

Na nuna da haɓa. "Waccan."

"'Yar Madam ɗin? Me sunanta, in sa mata albarka?"

Na ce, "Gwaggo, danna nan ki ji na gaba."

"Zan danna. Sunanta nake tambaya. Ba tare kuke aiki ba?"

"Tare muke."

"To ba ki san sunan abokiyar aikinki ba?"

"Na sani."

Na kafa ido a kan akwatin. Na ji tana kallona, ta kalli gaban aji, ta sake kallona. Sai ta buga cinya.

"Au! Ta fari ce!"

Na ce, "Gwaggo, don Allah."

Ina! Ta riga ta miƙe, akwatin a hannu. "Ku mata, ku daina yi wa Madam barka! Ga mai ita nan a baya tana ɓoye fuska. Na yi na yi ta faɗi sunan ta ƙi!"

Ajin ya juyo gaba ɗaya. Wata ta rangaɗa guɗa. Masu kujerun gaba suna tambayar me ya faru, Malam Dauda yana yi musu bayani yana dariya. Madam ta ɗaga hannu ta ce, "Gaskiya ne, ni riƙo aka ba ni!" Na ja mayafi na rufe fuska. Ta gefen mayafin na hango yarinyar. Ta zame daga ƙarƙashin hannun Madam, ta sunkuyar da kai, tana murza bakin gyalenta, ita ma ta kasa kallon inda nake. Gwaggo Talatu ta ce, "Ku dube su, kunyar ma iri ɗaya."

Babu akwatin da ya yi tsalle a ranar. A hanyar dawowa Malam Dauda ya waiwayo daga gaban mota ya ce wa yarinyar ta kawo hotuna, za a yi mata katin ma'aikata. Ta yi godiya, ta yi wa Madam godiya. Kafin mu shigo gari barci ya ɗauke ta a kafaɗar Madam. Ni ina kujerar baya, da kwalaye.

Abin da zan ce muku, ku masu gwaji: ku danna a lokacin da injiniya bai zata ba, don mai koyo ba ta jiran na'ura ta shirya. In kun ga aibi ku kai shi inda doka ta ce, ko na wanda kuka haifa ne. Ku kuma masu rubuta manhaja, kafin ku ce a ja baya ko a yi gaba, ku tambayi kanku daga ina kuke aunawa, daga inda mai saurare yake ko daga inda ɗibarku ta kai. Sannan in Allah ya haɗa ku da babba mai koyarwa da zuciya ɗaya, ku riƙe shi, ko da wani a bakin ƙofa yana jin zafin abin.

Madam ta bar wurinmu yanzu, amma suna waya kusan kullum. Ina daga tsakar gida nakan ji "Momi" da wannan jan nata, kuma har yau sai na ajiye abin da ke hannuna na ɗan lokaci. Ban warke ba, ban kuma sa ran warkewa ba. Sai dai in abin ya taso, nakan tuna akwai wata tsohuwa a Zungur da ba ta gama rarrabe "ba" da "ca" ba, aka tsayar mata da mace biyu, ɗaya ta dafa kafaɗar yarinya tana nuna ta a gaban jama'a, ɗaya ta yi shiru a bayan aji, kuma ba ta yi kuskuren uwar ba.